Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin Ƙaramar Hukuma Tun Daga Abuja Har Mazaɓarka

Kowane wata kwamitin rabon kuɗin tarayya, wanda aka fi sani da FAAC, yakan zauna ya raba abin da ya shiga asusun tarayyar Najeriya. Washegari a ji jimillar a rediyo, tiriliyan kaza da biliyan kaza, a ɗan yi tsaki, magana ta wuce. Alhali kuwa kason kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a rubuce yake da sunanta, har da kwabo, kuma duk mai waya da intanet yana iya dubawa. Haka kasafin kuɗin jiha, haka rahoton abin da aka kashe, haka rahoton mai binciken kuɗi. Takardun suna nan, masu karanta su ne suka yi ƙaranci. Ni kuwa na yi imani shugaban da ya san akwai mutum biyar a mazaɓa masu karanta waɗannan takardu ba zai riƙi dukiyar jama'a irin riƙon wanda ya san ba mai dubawa ba.

Ba sai ka karanci lissafin kuɗi ba. Haƙuri ake buƙata, da littafin rubutu, da bin abu daki-daki.

Mataki na farko: ka zaɓi aiki ɗaya tak

Wanda ya ce zai binciki kuɗin ƙaramar hukuma dukkansa lokaci guda, ba ya kai mako biyu bai gaji ba. Ka ɗauki abu guda da idonka ke gani: asibitin sha-ka-tafi da aka fara aka bari, ajujuwan firamare da rufinsu ya yaye, rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, ko hanyar karkara. Ka rubuta sunan aikin, da mazaɓar da yake, da shekarar da aka yi alƙawarinsa ko aka fara shi. Duk takardar da za ka buɗe nan gaba, wannan aikin za ka nema a cikinta.

Mataki na biyu: ka gane haƙƙin wa ne

A nan mutane da yawa ke ɓata, su yi ta zagin shugaban ƙaramar hukuma a kan aikin da yake na gwamna ne, ko su tsare kansila a kan aikin ɗan majalisar tarayya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ya kuma ce tana da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma.

Wannan "tare da jiha" shi ne mahaɗar da kuɗi ke yawan ɓacewa a cikinta. Ginin ajin firamare, alal misali, yana iya fitowa daga aljihun ƙaramar hukuma, yana iya fitowa daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da kuɗin da take karɓa daga UBEC ta tarayya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan, amma jiha ba ta samun kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Yana kuma iya zama aikin mazaɓa na sanata ko ɗan majalisar wakilai, wanda a kasafin tarayya za ka same shi, ba na jiha ba. Allon da ɗan kwangila ke kafawa a bakin aiki yakan faɗi hukumar da ta ba da aikin. In yana nan, ka ɗauki hotonsa tun kafin iska ko yara su tafi da shi.

Mataki na uku: nawa ya shigo?

Ka shiga shafin intanet na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ko na Ofishin Babban Akanta na Tarayya, ka nemi rahoton rabon FAAC na wata-wata. Ka sauke shi, ka gangara zuwa jadawalin ƙananan hukumomi, ka nemi jiharka, sannan sunan ƙaramar hukumarka. Ka lura cewa kuɗin da aka raba a wata, na watan da ya gabace shi ne: abin da aka raba a Maris, a Fabrairu aka tara shi. Rahoton kansa yakan ɗan makara kafin ya fito.

Don ka fahimci lambobin da za ka gani, ga yadda rabon yake. Bayan an cire kuɗin hukumomin da suka tara kuɗin, da kashi 13 cikin 100 na jihohin da ake haƙo mai da ma'adinai a ƙasarsu, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi su raba kashi 20.60. Harajin saye da sayarwa, wato VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, rabonsa daban ne. A da tarayya na ɗaukar 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun mayar da shi 10 na tarayya, 55 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi. Wajen raba kason asusun tarayya tsakanin jiha da jiha, ana duba abubuwa biyar: kashi 40 a raba daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, 10 bisa faɗi da yanayin ƙasa, 10 bisa ci gaban al'umma kamar ilimi da lafiya, 10 kuma bisa ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida.

A jadawalin za ka ga layuka da dama: kason asali, abin da aka cire, VAT, ribar canjin kuɗi, da sauransu. Wanda ya fi maka amfani shi ne na ƙarshe, jimillar da ta rage bayan cire-cire. Ka kwafe ta wata bayan wata har ka cika watanni 12, ka haɗa. Yanzu kana da lamba guda a hannu, ta gwamnati ce ba taka ba, kuma ba mai iya musanta ta.

Ka yi adalci a wuri ɗaya. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira, lambobin rabon sun ƙaru sosai, amma tsadar kayan gini da mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, su ma sun tashi. In za ka kwatanta bana da shekara huɗu baya, ka sa wannan a lissafi, don kada wanda kake tambaya ya kama ka da shi.

Sai babbar tambaya: kuɗin, da suka bar Abuja, wane asusu suka faɗa? Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. Kwamitin jiha ya zauna, a cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, sannan a miƙa wa ƙaramar hukuma abin da ya saura, wanda sau da yawa ba ya wuce albashi. Ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba halal ba ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomin riƙo. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Hukunci ne mai kyau, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, har jihar Anambra ta yi sabuwar doka a 2024 da ke sa ƙananan hukumominta su zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Saboda haka kada ka ɗauka abin da ka gani a jadawalin Abuja shi ne ya isa hannun ma'aji. Ka riƙe wannan a matsayin tambayar da za ka yi a rubuce: nawa aka turo, nawa aka cire, da sunan me, nawa ya iso.

Akwai kuma kuɗin shiga na cikin gida, wanda shi ne ya fi kusa da aljihunka. Harajin albashi da na ribar ɗaiɗaikun 'yan kasuwa na jihar da mutum yake zaune ne, haka rajistar motoci da kuɗin filaye. Harajin kamfanoni da VAT da kuɗin kwastan tarayya ce ke tarawa. Ƙaramar hukuma tana da kuɗin rumfunan kasuwa, shaguna, tasha, mayanka, allunan talla da makamantansu. Doka ta kuma ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 cikin 100 na abin da ta tara a cikin gida, tanadin da ba kasafai ake jin an cika shi ba. Naka aikin a nan mai sauƙi ne amma yana da nauyi: duk kuɗin da ka biya, ka karɓi rasit mai lamba da tambarin hukuma, in da hali ka biya ta banki. Kuɗin da aka karɓa a hannu ba rasit, ba zai taɓa bayyana a kowace takarda da za ka bincika ba.

Mataki na huɗu: ka buɗe kasafin kuɗi

Tun da aka soma shirin SFTAS na Bankin Duniya a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tallafi in sun wallafa bayanan kuɗinsu a kan lokaci, samun kasafin jiha a intanet ya yi sauƙi ƙwarai. Ka duba shafin gwamnatin jiharka ko na ma'aikatar kasafi da tsare-tsare. Ka tabbata wanda majalisa ta amince gwamna ya sa wa hannu ka sauke, ba daftarin da aka gabatar ba, domin akan sauya lambobi a tsakani. In an yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi a tsakiyar shekara, shi ma ka nemo shi. Jihohi da yawa suna fitar da taƙaitaccen kasafi na talakawa, wasu har da Hausa. Yana da kyau a fara da shi, amma ba ya kawo ayyuka ɗaya bayan ɗaya, don haka dole ka koma ga babban.

Kada yawan shafukan ya tsorata ka. Jihohi suna bin tsarin lambobi iri ɗaya: layin da lambarsa ta fara da 11 kason tarayya ne, 12 kuɗin shiga na cikin gida, 21 albashi da alawus, 22 sauran kuɗin gudanarwa kamar mai da tafiye-tafiye da biyan bashi, 23 kuma manyan ayyuka. Kai wurin 23 za ka nufa. Ka yi amfani da wurin bincike na manhajar da ka buɗe takardar da ita, ka rubuta sunan ƙaramar hukumarka ko na garin da aikin yake. Ka gwada rubutu iri biyu ko uku, domin masu buga kasafi suna yawan karkata sunayen garuruwa.

In ka samu aikin, ka kwafe abu huɗu: lambarsa, ma'aikatar da ke da shi, kuɗin da aka ware, da abin da aka ware masa bara. Sannan ka buɗe kasafin shekaru biyu ko uku baya. Aikin da ke dawowa kowace shekara da suna ɗaya da kuɗi sabo, alhali a ƙasa bai motsa ba, shi ne irin wanda ya cancanci tambaya. Haka layin da aka dunƙule, irin "gyaran asibitoci a faɗin jiha", ba sunan gari ba adadi. Irin wannan layi ba laifi ba ne a karan kansa, amma yana hana kowa sanin rabonsa, kuma daidai ne ka nemi jerin wuraren da aka nufa.

Kasafin ƙaramar hukuma ya fi wuyar samu. Wasu jihohi suna ɗora shi a intanet, in ba ka gani ba sai ka taka zuwa sakatariya, ka tambayi sashen kasafi da tsare-tsare ko akawun majalisar kansiloli. Kansilan mazaɓarka yana cikin masu amincewa da shi, don haka ya kamata a ce yana da kwafi.

Mataki na biyar: ware kuɗi daban, sakinsu daban

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Lambar da ke cikin kasafi izini ce na a kashe, ba shaidar an kashe ba. Mutane da yawa sun tozarta bayin Allah a Facebook da cewa sun cinye miliyoyi, alhali ba a saki ko sisi ba. Wasu kuma an rufe musu baki da "ai ba a saki kuɗin ba", alhali an sake su tuni.

Abin da ke raba gardama shi ne rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku, wanda jihohi kan wallafa makonni kaɗan bayan ƙarewar kowane zango. A cikinsa za ka ga abin da aka ware, abin da aka kashe a zangon, jimillar tun farkon shekara, da kashi nawa ke nan cikin 100. A ce, don misali kawai, an ware wa asibitin mazaɓarku naira miliyan 40, rahoton zango na uku ya nuna an kashe miliyan 30. Gwamnati da bakinta ta ce an biya kashi 75 cikin 100. In kuwa layin ya nuna sifili, to tambayarka ta sauya: ba "ina kuɗin?" ba, sai "me ya hana a saki?" Ka kuma kwatanta yadda aka aiwatar da kuɗin gudanarwa da yadda aka aiwatar da manyan ayyuka. Inda na farko ya kusa cika na biyu ko rabi bai kai ba, ka ga inda aka ba fifiko.

Mataki na shida: gani ya kori ji

Ku je wurin aikin ku biyu ko uku. Ku ɗauki hotuna masu kwanan wata, ku ƙirga abin da ke ƙirguwa: ajujuwa nawa, an yi rufi ko ba a yi ba, famfo na kawo ruwa ko ba ya kawowa. Ku tambayi shugaban makaranta ko mai kula da asibitin yaushe ma'aikata suka zo na ƙarshe, amma kada ku ambaci sunansa a fili, don shi ma'aikaci ne kuma yana iya shan wahala a kan haka. Sunan kamfanin da ke jikin allo, ku duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ku ga ko yana da rajista da kuma yaushe aka yi ta.

Mataki na bakwai: ka tambaya a rubuce

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011, ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar tarayya ce ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa ta shafe su su ma.

Wasiƙar ta zama gajera, cikin ladabi. Ka rubuta ta zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ko Babban Sakataren ma'aikatar da ke da aikin. Ka ce kana nema ne a ƙarƙashin dokar 2011, sannan ka jera takardun da sunayensu: takardar ba da kwangilar aiki kaza, sunan kamfani, jimillar kuɗi, abin da aka biya na kafin alƙalami da sauran biye-biye da ranakunsu, takardar ƙididdigar kayan aiki, da shaidar kammalawa in an ce an gama. Kada ka sa zargi ko kalma ɗaya. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayan. Wannan kwafin mai hatimi ka adana shi sosai, don daga ranar da ke jikinsa ake fara ƙirga.

Hukumar tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu da ba su wuce 7 ba in takardun na da yawa. Ba ta da ikon cajin ka sai kuɗin kwafi. In ta yi shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi, kuma kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu. Inda aka tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Wanda ba ya iya rubutu ma ba a bar shi a baya ba, yana iya sa wani ya nema masa. Gaskiya ita ce wasiƙar farko sau da yawa ba a amsa ta. Ka rubuta ta tuni, ka haɗa da kwafin ta farko, ka aika kwafi ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. Wasiƙar da ƙungiyar ci gaban gari ta sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Mataki na takwas: rahoton mai binciken kuɗi

Sashe na 125 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya miƙa wa majalisar dokoki rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Babban Akanta, majalisa kuma ta miƙa shi ga kwamitinta na asusun gwamnati. Ƙananan hukumomi suna da nasu mai binciken a matakin jiha. Rahoton yakan zo a makare, amma a cikinsa ne ake samun biyan da ba takardar shaida, da kuɗin da aka ba ma'aikaci bai kawo bayani ba, da kwangilar da aka biya ba a yi ba. In aikinka ya fito a ciki, ba kai kake zargi ba ke nan, jami'in gwamnati ne ya rubuta.

Mataki na tara: ina za ka kai abin da ka samu?

Ka taƙaita komai a shafi ɗaya: abin da aka ware, abin da aka ce an kashe, abin da ke ƙasa, da hotuna. Ka fara da na kusa, wato kansila da shugaban ƙaramar hukuma, ka ba su damar bayani, domin wani lokaci akwai dalilin da takarda ba ta nuna ba, kamar sauya wa aiki wuri ko ɗan kwangilar da aka kora. In bayanin bai gamsar ba, sai kwamitin asusun gwamnati na majalisar jiha, wanda sashe na 128 na kundin tsarin mulki ya ba majalisarsa ikon bincike. In akwai alamar an biya kuɗi ba a yi aiki ba, ICPC tana da shirin bibiyar ayyukan mazaɓu tun 2019, ga kuma EFCC. Ƙungiyoyi irin su BudgIT mai shirin Tracka, da Follow The Money, sun saba da wannan aiki kuma suna taimaka wa al'umma. A rediyo ko a intanet, ka faɗi lamba da shafin da ka same ta, ka yi tambaya, ka bar kalmar "ɓarawo" ga kotu.

In kuma bincikenka ya nuna aikin bai ma shiga kasafi ba tun asali, to lokacin magana ba Janairu ba ne. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu ne tun tsakiyar shekara, gwamnoni kuma galibi suna gabatar da kasafi tsakanin Oktoba da Disamba. Ku rubuta buƙatarku tun Yuli ko Agusta, ku miƙa wa ma'aikatar kasafi da kansila da ɗan majalisarku, a buga muku hatimi, sannan ku tura wakili zaman jin ra'ayin jama'a ranar da majalisa ta kira shi.